Tafiyarmu ta farko zuwa Japan ta faɗo cikin Makon Zinariya: mu ɗage ta ko mu sake tsarinta?

Maman_Aliyu
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun jiya. Ni da maigidana da ɗanmu mai shekara takwas mun daɗe muna tanadi domin mu je Japan, kuma wannan ce tafiyarmu ta farko zuwa ƙetare. Hutun da maigida ya samu a wurin aiki ya kama daga 27 ga Afrilu zuwa 8 ga Mayu, don haka muka sayi tikitin jirgi, za mu sauka a filin jirgin sama na Haneda da ke Tokiyo, kuma daga nan za mu taso. Sai da muka biya kuɗi sannan wata abokiyar aikina ta shaida mini cewa waɗannan kwanaki su ne Makon Zinariya, lokacin da mutanen ƙasar suke hutu, kowa ya fito yana tafiya.

Tsarin da na rubuta shi ne mu kwana shida a Tokiyo, ranar 3 ga Mayu mu hau jirgin ƙasa zuwa Kiyoto mu kwana uku, ranar 6 mu dawo Tokiyo, ranar 8 mu tashi. Masaukin Tokiyo mun riga mun kama, amma na Kiyoto ban iya kamawa ba, saboda farashin waɗancan darare ya yi nisa da abin da na gani na sauran kwanakin watan. Shin mu biya tarar sauya tikiti mu ɗage tafiyar, ko akwai yadda za a gyara tsarin a ci moriyar tafiyar a haka? Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku taimaka mini.

Malam_Habu_Matafiyi
Wa alaikumus salam, Maman Aliyu. Matambayi ba ya ɓata, kuma kin yi tambayar a kan lokaci. Bari in fara da bayanin abin da ake nufi da wannan mako, domin sai an san ranakun sannan tsarin zai yi ma'ana. Ba hutu ɗaya ba ne mai tsawon mako, ranakun hutu huɗu ne da suka zo kusa da juna. Ranar 29 ga Afrilu ita ce Ranar Showa, ranar haihuwar Sarki Hirohito wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1989. Ranar 3 ga Mayu ta tunawa da tsarin mulkin ƙasar ce, wanda ya fara aiki a 1947. Ranar 4 ta tsirrai da muhalli ce, ranar 5 kuma Ranar Yara. Akwai kuma dokar da ta ce idan ranar hutu ta faɗo Lahadi, to ranar aiki ta farko da ta biyo baya ta zama hutu, shi ya sa a shekara irin 2026, da 3 ga Mayu ta faɗo Lahadi, ranar 6 ma hutu ce.

Abin da ya fi muhimmanci gare ki shi ne alkiblar jama'a. A farkon jerin ranakun Mayu mutane suna fita ne daga Tokiyo zuwa garuruwan iyayensu da wuraren yawon buɗe ido, a ƙarshensu kuma duk su juyo su nufi Tokiyo. Tsarin da kika rubuta ya sa ki fita ranar da kowa yake fita, ki dawo ranar da kowa yake dawowa. Ba tafiyar ce ke da matsala ba, jerin kwanakin ne. Ki juya shi: ki je Kiyoto tun a ƙarshen Afrilu, ki dawo Tokiyo lokacin da mazaunanta suke barin ta.

Hajiya_Binta_K
Ni dai ra'ayina ya sha bamban da na Malam Habu. 'Yata, idan tarar sauya tikitin ba ta fi ƙarfinku ba, ku ɗage zuwa tsakiyar Mayu. Na je sau biyu, sau ɗaya a cikin wannan hutu, sau ɗaya kwana goma bayansa, kuma kamar ƙasashe biyu na ziyarta. Bayan hutun farashin masauki yana sauka, yanayi yana da daɗi, kuma damunar da ke sauka a Tokiyo da Kiyoto ba ta farawa sai cikin Yuni. Tafiyar farko tana da nata wahalhalun ko da babu cunkoso: harshen da ba a ji, tashoshin jirgin ƙasa masu ƙofofi da yawa, ga yaro a hannu. Ban ga dalilin ƙara wa kai nauyi ba idan akwai mafita.

Maman_Aliyu
Na gode ƙwarai, Hajiya. Na tambayi maigida da daren nan, ya ce ba za a sauya masa kwanakin hutu ba, domin an riga an raba wa ma'aikata na shekarar gaba ɗaya. Don haka ko dai mu je a waɗannan kwanaki, ko mu haƙura sai wata shekara.

Injiniya_Sani
To tunda haka ne, shawarar Malam Habu ita ce abin bi, sai dai akwai abin da ya kamata ki sani game da jirgin ƙasa tun kafin ki sake rubuta kwanakin. Jirgin da ke tsakanin Tokiyo da Kiyoto, wato Shinkansen na layin Tokaido, iri uku ne. Nozomi shi ne mafi sauri, yana kai mutum cikin kusan awa biyu da kwata. Hikari yana ɗan ƙara tsayawa, Kodama kuma yana tsayawa a kowace tasha. Tun ƙarshen 2023 aka mayar da Nozomi ya zama duk kujerunsa na kamawa ne tun da wuri a manyan lokutan hutu guda uku, wato Makon Zinariya, da hutun Obon na Agusta, da na sabuwar shekara. Ma'ana ba za ki iya zuwa tasha kawai ki shiga taragon da ba a kama kujera ba, kamar yadda ake yi a sauran kwanaki. Hikari da Kodama suna da irin waɗannan taragu har a lokacin, amma nan ne duk wanda bai samu kujera ba yake tururuwa, kuma ba na so ki tsaya da yaro awa biyu da rabi a tsakanin kujeru.

Ana buɗe sayar da kujeru wata guda kafin ranar tafiya, da ƙarfe 10 na safe agogon Japan. Ki lissafa abin da wannan lokaci ya zama a agogonki, ki zauna da wayarki a shirye. Akwai manhajar SmartEX da ake saya da ita daga wajen ƙasar. Ki yi rajista ki gwada katin bankinki tun kwanaki kafin ranar, domin wasu katunan ƙetare ba sa shiga a karon farko.

Zainab_Tafiya
Yaya Sani, ai idan ta sayi tikitin nan na baƙi da ake kira JR Pass duk wannan wahalar ta ƙare. Mu da shi muka zagaya ƙasar, kuma mun ci riba sosai.

Injiniya_Sani
Ƙanwata Zainab, ina jin kun je ne kafin Oktoban 2023. A wannan watan aka ƙara kuɗinsa, na kwana bakwai ya koma yen 50,000 ga babba. Zuwa Kiyoto daga Tokiyo a Nozomi da kujerar da aka kama kusan yen 14,000 ne, zuwa da dawowa ke nan bai kai 30,000 ba. Wanda zai je Kiyoto kawai ya dawo, asara zai yi idan ya saye shi. Ban da haka, wannan tikiti ba ya ba da damar hawa Nozomi sai an biya ƙarin kuɗi, kuma ba ya ɗauke wa mutum kama kujera. Yana da amfani ne ga wanda zai yi dogayen tafiye-tafiye da yawa cikin mako guda, ba ga tsarin Maman Aliyu ba. Shi kuma yaron, tunda shekararsa takwas, rabin kuɗi za a biya masa.

Zainab_Tafiya
Gaskiya ne, a 2019 muka je. Na gode da gyaran. Kuma a shekarar ma hutun ya kai kwana goma cif, saboda hawan sabon sarki Naruhito ranar 1 ga Mayu, don haka mun ga cunkoson da idonmu.

Dakta_Rabi
Ina so in ja hankali kan wani ɓangare na shawarar Malam Habu. Na yarda a juya tsarin, amma ban yarda a ce su kwana ɗaya a Tokiyo su wuce Kiyoto ranar 28 ba, idan abin da ake nufi ke nan. Mutumin da ya yi doguwar tafiya a jirgin sama ya tsallaka sa'o'i masu yawa na bambancin agogo, jikinsa yana buƙatar kwana biyu ko uku kafin barcinsa ya daidaita, kuma abin ya fi tsanani ga yara. Na ga iyalai da suka ɓata kwanakin farko gaba ɗaya saboda sun cika su da zirga-zirga, yaro ya kamu da zazzaɓin gajiya, kowa ya zauna a ɗaki.

Shawarata ita ce su kwana uku a Tokiyo cikin natsuwa, su tafi Kiyoto ranar 30 ga Afrilu, wadda ranar aiki ce idan ba ta faɗo ƙarshen mako ba, su dawo da safiyar 3 ga Mayu. A wannan safiya jiragen da ke fita daga Tokiyo ne suke cika maƙil, masu shiga cikinta sun fi sauƙi.

Sannan don Allah ku yi inshorar lafiya ta tafiya. Ƙananan asibitocin unguwa da yawa suna rufewa a ranakun hutun, abin da ya rage shi ne sashen gaggawa na manyan asibitoci, kuma baƙon da ba shi da inshora shi zai biya kuɗin gaba ɗaya. Ku tafi da magungunan da kuka saba da su a cikin kwalayensu na asali, amma ku bincika tukuna, domin Japan tana da tsauri a kan wasu magungunan mura da ake sayarwa a sake a wasu ƙasashe.

Malam_Habu_Matafiyi
Dakta, maganarki a kan gajiya gaskiya ce, ban musa ba. Abin da ya sa na fi karkata ga 28 shi ne daren 2 ga Mayu a Kiyoto ya riga ya shiga cikin darare masu tsada, kuma Maman Aliyu ta ce farashi ne ya hana ta kama masauki. Idan suka tafi 28 suka dawo 1 ga Mayu, ranar hutu ɗaya ce kawai za ta same su a can. Jirgin kuma ba wahala ba ne, zama ne a kujera mai faɗi, yaro zai iya barci. Amma su suka san ƙarfin ɗansu.

Abu_Fatima77
Akwai hanya ta uku game da masaukin. Ba dole ba ne a kwana a Kiyoto don a ga Kiyoto. Osaka tana da otal-otal da yawa, kuma jirgin ƙasa na yau da kullum daga tashar Osaka zuwa tashar Kiyoto kusan rabin awa ne. Garin Otsu da ke bakin tafkin Biwa ma ya fi kusa, kamar minti goma ne. Mu a Osaka muka sauka, muka riƙa zuwa Kiyoto da safe, rana ɗaya kuma muka je Nara yara suka ga barewa da babban ginin Todaiji.

Abin da na koya da wahala shi ne kada a kama masaukin da ba a iya soke shi. Na taɓa kama wani ɗaki mai araha ta intanet, da tsarinmu ya sauya aka ƙi mayar mini da ko yen ɗaya, kuma laifina ne da ban karanta sharuɗɗan ba. Maman Aliyu, ki duba na Tokiyo da kika riga kika kama, ki tabbata za a bar ki ki raba kwanakin gida biyu kafin ki gina komai a kan sabon tsarin.

Hajiya_Binta_K
Zan sake magana, ku yi haƙuri da ni. Ana ta cewa Tokiyo tana yin sauƙi a lokacin hutun, kuma ina tsoron kada 'yata ta ɗauka babu kowa za ta tarar. Abin da ke yin sauƙi shi ne unguwannin ofisoshi irin su Marunouchi, da jiragen safe da ma'aikata ke cikawa. Amma Asakusa, da Ueno, da Shibuya, da duk wurin da ake kai yara, cike suke, domin kamar yadda mutanen Tokiyo ke fita haka mutanen larduna ke shigowa da iyalansu. Ga kuma baƙi daga Sin, waɗanda hutunsu na ranar ma'aikata ya faɗo a kwanakin farko na Mayu. Gidan namun daji na Ueno kyauta ake shiga ranar 4 ga Mayu, kuma wanda ya ji kyauta ya garzaya da yaro a wannan rana zai sha tsayuwa. A kai shi ranar 28 ga Afrilu ko 7 ga Mayu, a biya kuɗin shiga, ya fi kwanciyar hankali. Sai dai a duba, ana rufe shi ranar Litinin.

Ummi_Sadiq
Hajiya ta taɓo abu mai muhimmanci a ƙarshen maganarta. Gidajen tarihi da yawa a Japan Litinin suke hutu, amma idan Litinin ɗin ta zama ranar hutun ƙasa sai su buɗe, su rufe a ranar aiki da ta biyo baya. Wannan yana nufin ranar 7 ga Mayu, da mutum zai ɗauka komai ya dawo daidai, tana iya zama ranar da wasu wuraren suke rufe. Kowane wuri da kike son zuwa, ki buɗe shafinsa ki duba kalandarsa ta wannan makon. Kasuwar kifi ta Toyosu ma tana rufewa Lahadi da yawancin ranakun hutu.

Bashir_Mai_Kyamara
Kowa yana maganar yadda za a guje wa hutun, ni kuma ina ganin akwai abin da ba za a gani ba sai a cikinsa. Saboda Ranar Yara ake rataya tutoci masu siffar kifi, waɗanda suke kira koinobori, a kan koguna da gaban gidaje, iska tana kaɗa su kamar suna iyo. A gindin hasumiyar Tokiyo ana rataya guda 333, daidai da tsayinta na mita 333. Yaro ɗan shekara takwas zai daɗe bai manta da wannan ba, kuma ba a biyan komai a tsaya a kalla. A Hamamatsu, wadda ke kan layin jirgin da ke tsakanin Tokiyo da Kiyoto, ana bikin tashin manyan filfilo na takarda daga 3 zuwa 5 ga Mayu. A Fukuoka kuma akwai bikin Hakata Dontaku ranakun 3 da 4. Ban ce ku je duka ba, Fukuoka ta yi muku nisa. Ina cewa ne ku zaɓi abu ɗaya na hutun ku shiga cikinsa da niyya, kada tafiyar ta zama gudun jama'a daga farko har ƙarshe.

Game da Kiyoto, sammako shi ne magani. Fushimi Inari, wurin nan mai dubban jajayen ƙofofi a jere a kan tsauni, ba a rufe shi dare da rana, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Na isa da ƙarfe 6 na safe a cikin hutun, na yi tafiya mai tsawo ban haɗu da mutane da yawa ba, da na sauko wajen ƙarfe 9 kuwa da ƙyar ake wucewa. Haka dajin gora na Arashiyama. Kuma gajiyar bambancin agogo da Dakta ta ambata ba lallai ta bar ku ku farka da wuri ba a kwanakin farko, wanda hakan wani dalili ne na bin tsarinta.

Injiniya_Sani
Na manta da batun kaya. A layin Tokaido, duk akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haura santimita 160 idan an haɗa su, sai an kama kujera ta musamman mai wurin ajiye kaya a bayanta. Wanda ya shiga da shi bai kama ba za a caje shi yen 1,000. Waɗannan kujeru kaɗan ne, kuma su ne ke fara ƙarewa a lokacin hutu. Tunda za ku dawo Tokiyo, ku roƙi otal ɗinku ya ajiye muku manyan akwatunan, ku tafi Kiyoto da ƙananan jakunkuna. Akwai kuma kamfanonin da ke kai kaya daga otal zuwa otal, yawanci washegari, amma a irin wannan mako a ba su ƙarin kwana ɗaya. A cikin Kiyoto kuma ku fi dogara da jirgin ƙarƙashin ƙasa da sauran jiragen ƙasa, domin motocin bas suna cika, su kuma maƙale a cunkoson hanya.

Aisha_Nuhu_M
Bankuna suna rufe a ranakun hutun, don haka kada ku bar canjin kuɗi sai an shiga Mayu. Na'urorin cirar kuɗi da ke shagunan 7-Eleven suna karɓar katunan ƙetare, kuma shagunan a buɗe suke. Ku riƙe takardun kuɗi a hannu, domin ƙananan wurare har yanzu wasu ba sa karɓar kati. Ku sayi katin Suica ko Pasmo na hawa jirgi tun daga filin jirgin sama. Fasfo kuma doka ce baƙo ya riƙa yawo da shi a jikinsa.

Malam_Habu_Matafiyi
Wani abu da ban ji an tambaya ba: Maman Aliyu, kun riga kun sami biza, ko fasfonku na cikin waɗanda ba a nema musu? Idan za ku nema, tsarin kwanakin da masaukan suna cikin takardun da ake gabatarwa, don haka a gama wannan muhawara da wuri, a rubuta tsari ɗaya tsayayye kafin a kai takardu.

Maman_Aliyu
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, ba mu kai takardun ba tukuna, mako mai zuwa muke son kaiwa. Na tuntuɓi otal ɗin Tokiyo kamar yadda Abu Fatima ya ce, sun amince su raba kwanakin, kuma za su ajiye mana akwatuna. Na duba Otsu na ga ɗakuna da za mu iya biya har daren 2 ga Mayu, don haka zuciyata ta fi kwanciya da tsarin Dakta Rabi, mu tafi ranar 30 mu dawo ranar 3. Maigida kuma ya fi son na Malam Habu, yana cewa gara mu gama da Kiyoto tun kafin jama'a su iso, kuma har yanzu ba mu tsayar ba. Aliyu dai tunda na nuna masa hoton kifayen nan na hasumiya bai daina tambayar ranar tafiya ba.

Abin da ya rage mini shi ne ranakun 4 da 5 da 6 a Tokiyo. Idan Ueno da Asakusa za su cika kamar yadda Hajiya ta ce, ina za mu kai yaro ya sake, ba tare da mun yini a layi ba?

Hajiya_Binta_K
Ku nemi wurare masu faɗi waɗanda ko an cika su ba a matsuwa. Lambun Yoyogi da dajin Meiji da ke kusa da shi, ko bakin ruwa a Odaiba, ko lambun gabas na fadar sarki, wanda ake shiga kyauta, sai dai shi ma a duba ranakun da yake rufe. Masallacin Tokiyo Jami yana Yoyogi-Uehara, ba nisa daga can, za ku iya haɗa su a rana ɗaya. Duk abin da ke buƙatar tikiti mai lokaci, irin hawa saman dogayen gine-gine, ki saya ta intanet tun yanzu ko ki tura shi zuwa ranar 7. Kuma 'yata, ki gaya wa maigidan naki cewa a wannan karon ni ma ina bayan Dakta, ranar 30 ta fi.

Malam_Habu_Matafiyi
Idan Otsu ta warware batun farashi, to babbar hujjata ta ragu. Amma ku kama kujerar dawowa ta ranar 3 ga Mayu da zarar an buɗe sayarwa ranar 3 ga Afrilu, kuma ku zaɓi jirgin safe. Ku nemi kujerun D da E, ta wannan gefen ne ake hango dutsen Fuji idan sama ta yi garau.